Rasuwar Zlatka a Hanyar Kwazazzabon Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, ni Elvedin, ɗan marigayi Ramo mai gyaran rufi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta na garinmu Bijelo Polje rasuwar motata Zlatka, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Lahadi da azahar a hanyar kwazazzabon kogin Tara, saura ƙiris mu kai gadar kogin.

Marigayiya ta girme ni, a hannun babana na gaje ta. Mai haƙuri ce, ba ta gaggawa. Da safe sai ta yi "kikiki, kikiki", ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "burrr". Ta kai mata masu naƙuda asibiti, ta yi dakon itacen hunturu, ta ɗauko ragunan layya. Ba ta taɓa tambayar wanda ya hau ta ko ya zuba mata mai ba, shi ya sa dangi suke ƙaunarta.

Ga yadda ciwon ajalin ya zo. Na daɗe ina son yi wa Merisa, mai sayar da burodi a bakin kasuwa, wata tambaya. Na ƙudurta a kan gadar Tara zan yi ta, inda ruwa yake can ƙasa kore shar, babu mai jin mu sai iska. Ta yarda za ta je. Daga ni sai ita sai marigayiya.

To amma kun san garinmu, ba a wuce ƙofar ɗan uwa da mota ba a tsaya ba, in ka wuce, har jikokinka sai an goranta musu. Na tsaya gaida Kawu Hajro. Ya ce, "Ina zuwa haka, har da wanke mota?" Na ce Tara. Ya ce, "Rabona da Tara tun ina soja! Yarinya, koma baya, gwiwata ba ta son matsi." A kwana ta gaba Gwaggo Zumra ta shigo da kankana, da butar gahawa, da bokitin cuku. Merisa ta maƙale a kusurwa, bokiti a cinya. Marigayiya ta durƙusa kaɗan.

Da muka wuce garin Mojkovac, Gwaggo ta ce kanta na sarawa, a tsaya a dafa gahawa. Ta ɗauko jarkar da nake ajiye wa lagireto. Na ce, "Gwaggo, ruwan mota ne." Ta ce, "Mota ta fi mutane ne? Merisa, kin ga irin rowar da ke jiran matarsa?" Aka sha, aka wanke kofuna da ragowar.

A hawan dutse zazzaɓi ya rufe marigayiya. Ta fara "fuuu, fuuu", tururi na tashi. Na lallaɓa ta har famfon sadaka na bakin hanya, mai ruwa kamar ƙanƙara. Na ce a bari ta huce tukuna. Kawu ya ce, "Kauce, yaro! Ina tuƙa motar soja tun uwarka ba ta san babanka ba." Ya kwarara mata ruwan a ciki tana tafasa. Ta ce "ƙas". Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

Ana cikin haka Almir ɗan maƙwabtanmu, wanda ya zo hutu daga Luxembourg, ya iso da sabuwar mota mai sanyi. Shi ma ba ya wuce mutanen gari. Ya kwashe su duka suka je ganin kwazazzabo, wannan karon Merisa ce a gaba. Ni na zauna gadin gawa da bokitin cuku. Na ga hotunan daga baya. Gadar ta yi kyau. Almir ma ya fito a yawancinsu.

Ta rasu ta bar ni. Da Kawu Hajro, wanda ya ce dama tsufa ne ya kashe ta. Da Gwaggo Zumra, wadda ta aiko tambayar murfin bokitinta. Da Shefko bakanike, wanda ya fi kowa kuka, domin marigayiya ce take ciyar da 'ya'yansa. Da tayar safaya guda marar iska.

Tarakta za ta kawo gawar ranar Alhamis bayan la'asar. Za a kwantar da ita a bayan gidanmu kusa da akurkin kaji, a nan za a karɓi gaisuwa. Masu zuwa daga nesa su shirya yadda za su koma, babu mai kai kowa gida.

Merisa, na san za ki ga takardar nan a jikin bishiyar gaban shagonku. Tambayar tana nan, ban yi wa kowa ita ba. Akwai bas mai zuwa gadar, na kama mana kujera biyu, biyu kacal. Ranar kuwa ba zan rubuta ta a nan ba, Kawu ya iya karatu.