Ranar da Na Riga Liman Ɗaura Aure

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwata Hajara ba, ko na so mantawa ma mutanen Salaga ba za su bar ni ba.

Ina da ɗan bulog da nake saka labaran gari, farashin doya, wane ya dawo daga Makka, wace ta haihu. Masu karantawa ba su da yawa (rabinsu dangina ne), amma ni ji nake kamar gidan rediyo gare ni. A makon bikin na gano wani maɓalli: ka rubuta labari yau, ka saita lokaci, ya fita da kansa. Ga shi unguwarmu netwok ɗin intanet sai ya ga dama yake leƙowa, kusa da masallaci kuwa babu shi sam. Sai na ce na samu dabara. Tun ranar Juma'a na rubuta labarin ɗaurin auren kaf, kamar an gama, na saita ya fita Asabar bayan azahar.

Tun rasuwar mahaifinmu, ƙaninsa Baffa Iddrisu, dillalin shanu a Bawku, shi ne waliyyinmu. In bai ce "na bayar" ba, babu aure. Kuma mutum ne mai saurin fushi, dama yana ƙorafin cewa mu na Salaga ba ma lissafawa da shi.

Asabar ta zo, dangin ango sun iso daga Yendi, an shimfiɗa tabarmi, ga goro a faifai, babu Baffa. Motarsu ta lalace a Savelugu. Liman ya ce a jira. Ni kuwa ina ta raba ruwa, na manta da maɓallina gaba ɗaya.

Sai wayar yayana Sani ta yi ƙara. Ya saurara kaɗan, na ga fuskarsa ta sauya. Ya matsa gefe ya yafito ni.

"Baffa ya ce tunda mun ɗaura ba shi, zai nemi motar komawa Bawku. Matarsa ce ta kira shi tana masa barka. Wai a intanet ta gani. Kai, me ka yi?"

Wallahi sai a nan na tuna da maɓallina. Na kwasa a guje da babbar riga har bakin tankin ruwa, inda netwok kan tsaya. Na danna gogewa, abu ya yi ta juyawa yana juyawa. Ana haka saƙonni na shigowa: "Allah ba da zaman lafiya." (Na fatan alheri suna samun hanya, nawa na gogewa ne kawai ya rasa.) Wata ma ta riga ta tura shi zauren dangi na waya.

Na dawo na tarar dattijan Yendi suna ƙus-ƙus da Dagbanci. Babbansu ya dubi liman ya ce, "Malam, aure na nan ko ba ya nan? Mu hanya da nisa." Daga cikin gida aka aiko cewa Hajara na kuka. Nan na ji tsoro na gaske, don da hannuna na kusa ɓata wa yarinya aure.

Na karɓi wayar Sani na kira, na durƙusa a ƙasa kamar Baffa yana ganina. "Baffa, ni ne. Ba a ɗaura ba. Tun jiya na rubuta." Sai ya kashe wayar.

Ba wanda ya san ko ya juya. Muka yi la'asar, ni dai ban san me na karanta a sallar ba. Rana ta yi sanyi sai ga shi a bayan babur, kaftaninsa duk baƙin mai. Ya zauna, aka gaisa, liman ya gyara murya. Baffa ya ɗaga hannu.

"Tukuna. Ɗan jarida ya karanta mana yadda aka yi."

Na miƙe gaban jama'a, waya a hannuna. "Waliyyin amarya, sanye da farar babbar riga..." Kowa ya kalli kaftanin. "...ya yi jawabi mai ratsa zuciya, har ya zubar da hawaye."

"Ni?" in ji Baffa. "Ni na yi kuka?"

Har dattijan Yendi sai da suka rufe baki da hannun riga. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Duba ciki, ko akwai inda ka ce in Allah ya yarda." Na duba sama da ƙasa, babu.

Sannan ya juya ga liman ya ba da auren. Amma da ya zo ambaton sunan mahaifinmu, sai hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Aka shafa fatiha, ya kama wuyan rigata ya jawo ni kusa.

"Wannan kuma ka rubuta ka gani."

Tun daga ranar ba na sake riga malam masallaci, ko ruwan sama na gani sai ya jiƙa ni kafin in ce an yi. Hawayen Baffa kuwa ban rubuta ba sai yau. Don Allah, in kuna da dangi a Bawku, kada ku tura musu.