Injin da Na Hana Juyawa

Har na koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa surukina gyaran da bai roƙe ni ba. Lokacin ma bai zama surukin ba, neman 'yarsa Ruƙayya nake, kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Baba Haruna tsohon makanike ne, yana da ƙaramar warsha, wato garejin gyara, a bayan unguwar Sultana. Mota yake gyarawa, amma zuciyarsa na wurin jirgin sama. A lungun warshar akwai wani ƙaramin inji da ya shafe shekaru yana ƙerawa da hannunsa daga tarkacen ƙarafa, kwaikwayon injin jiragen farko na sama da shekara ɗari da suka wuce. Silinda bakwai ne a jere kamar tauraro, da farfelar katako a gaba. Idonsa ya fara rauni, kowa ya san ba zai sake ƙera irinsa ba.

Ni kuwa sabuwar takardar shahadata ta kanikanci ba ta bar ni na zauna lafiya ba (har a aljihun mota nake yawo da kwafinta, Allah Ya yafe mini). Wata Alhamis ya tafi ganin likitan ido, ya ce in tsare masa warsha. Na taɓa farfelar nan, sai na ga injin gaba ɗaya ya biyo ta, silinda da komai suna juyawa. Tausayi ya kama ni. Na ce bawan Allah, ido ya tafi, ya kasa ɗaure injinsa a jikin gindi. Na jawo na'urar walda, na liƙe gangar injin da ƙarfen da ke riƙe da shi, liƙi mai kyau irin wanda malaminmu ke yabawa. Da na gama, farfelar ma ta ƙi motsi. Wannan ya isa ya farkar da mai hankali. Ni sai na ce tsatsa ce, na rufe shi da zane.

Kashegari bayan Juma'a aka taru cin abinci a gidansa a unguwar Khalidiyya, da ƙannensa biyu da wani amininsa ɗan Chadi. Ni na ɗauko injin a mota, na ajiye shi tsakiyar majalisa, na yaye zanen.

"Baba, na ga makinar nan tana rawa, sai na yi mata liham, wato walda. Khalas, ba za ta ƙara motsi ba."

Aminin nasa ya ajiye kofin gahawa a hankali. Baba Haruna ya miƙa hannu, ya tura farfela, ba ta tafi ba. Ya bi gindin da yatsa har ya taɓa waldata, ya daɗe yana shafa ta. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "rawar nan ita ce injin."

Sai ya yi mini bayani, murya ƙasa-ƙasa. A zamanin can injin jirgi zafi yake yi ya mutu, tankin ruwan sanyaya shi kuma nauyi gare shi. Sai masu ƙira suka juya abin: sandar tsakiya ita aka ɗaure a jikin jirgi, silinda da farfela su ke juyawa tare, iska na sanyaya su. Man zurma ake zuba masa, yana fesowa matuƙi a fuska. Da injuna suka ƙara girma, nauyin juyawar ya riƙa fizgar jirgi gefe guda, shi ya sa aka bar su.

"Shekara nawa na yi kafin na sa shi ya juya sumul," ya ce, "kai ka tsayar da shi kafin La'asar. Mashallah, hannunka da sauri."

Ƙannensa suka fashe da dariya. Ni kuwa na ji kamar in shige ƙarƙashin darduma. A raina na riga na yi ban kwana da Ruƙayya (daga baya ta ce tana bayan labule, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya). Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Tayyib. Idona ba zai iya cire wannan ba tare da na ɓata gangar ba. Naka zai iya. Kullum bayan La'asar ka zo da zarto, ni in ji da yatsa, kai ka gani."

Mako uku muka yi muna goge waldar nan kaɗan-kaɗan. Yana riƙe da wuyan hannuna, yana cewa a nan, a hankali, tsaya. Ban taɓa jin na ƙaunaci wani dattijo haka ba tun rasuwar mahaifina. Ranar da injin ya sake juyawa, ya kusanto da fuskarsa yana jin iskar farfela, ya yi murmushi, ya ce, "Ka turo manyanka."

Yau injin yana falonmu, da tabon waldata a gindinsa, don ya hana ni goge shi duka. Tun daga ranar, in na ga abu yana rawa a gidan mutane, tambaya nake fara yi. Na'urar walda kuwa, Ruƙayya ce ke riƙe da makullin akwatinta.