Rasuwar Mbah, Mai Gadin Siton Kerupuk

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda wasu ke yi har cikin rai wasu kuma iyakarsa fuska, masana'antar kerupuk, wato ƙwalamar garin rogo da jatan lande, ta Bu Kustiyah da ke garin Sidoarjo tana sanar da 'yan uwa, dillalai da direbobi rasuwar babbar kwamfutarta, wadda kowa ya sani da Mbah, wato Kaka. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan azumi, tana bakin aiki. Wanda aka fi yi wa wannan mutuwa shi ne Pak Sarkowi mai kula da sito, kuma a madadinsa aka rubuta wannan sanarwa.

Marigayiyar ba ta da kyan gani. Baƙin akwati ce a ƙuryar ofis, tana gurnani a hankali dare da rana. Amma kafin zuwanta kowane sashe na gidan nan da gaskiyarsa yake kwana. Mai talla ya sayar da abin da babu, mai sito ya rantse akwai, masu kwaɓi su zauna jiran garin rogon da ba wanda ya sayo. Ita ta tara su a kan magana ɗaya. Idan dillali a Makassar ya nemi kaya, da zarar an shigar mata, sai ta ware kwalayensa a sito da sunansa. Idan ba su kai ba, ta gaya wa masu kwaɓi yawan da za su ƙara, ta duba garin rogo da jatan landen da kwaɓin zai ci, ta tashi mai sayayya tun bai idar da hamma ba. Abin da aka faɗa mata a ɗaki ɗaya, kowane ɗaki ya ji. Shi ya sa ba kowa ke sonta ba.

Babban halinta shi ne ba ta san kara ba. Kowa ya san yadda muke. Baƙo ba ya barin gidanmu babu tsaraba, kuma mai tarbiyya ba ya duban idon na gaba da shi ya ce a'a. Al'ada ce mai kyau, har ranar da ta gamu da marar kunya. Namu marar kunyar shi ne Mas Gatot, ƙanin mijin Bu Kustiyah, wanda ba ya aiki a nan amma ya fi ma'aikata zuwa. Pak Sarkowi kuwa mutum ne da ko akuya ta shigo sito sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta.

"Pak Wi, ɗan kwali biyu mana, surukaina ne suka zo," in ji Mas Gatot.

"Ai ko goma ne, Mas. Bari in gaya wa Mbah."

Sai ya danna maɓalli, marigayiyar ta ce, "Tit-tit." Ma'ana, kwalin nan yana da mai shi, kuma ba ya fita sai an rubuta sunan wanda ya ɗauka a inda Bu Kustiyah za ta gani. Pak Sarkowi ya juyo da fuskar tausayi.

"Ka gani ko, Mas? Tsohuwar nan ba ta da mutunci. Ni kaina tsoronta nake ji."

"Wata rana sai na zuba mata kofi," in ji Mas Gatot, ya ja babur ɗinsa.

Haka suka yi shekaru, ita da baƙin jini, shi da mutuncinsa da albashinsa.

Game da jinyarta, gara a faɗi gaskiya. Ba tsufa ya kashe ta ba. Da damina ta yi nauyi, rana ta ƙi fitowa, kerupuk ɗin da aka shanya ya ƙi bushewa, sai aka lura cewa iska mai ɗumi na fita ta bayan marigayiyar. Aka fara jera mata faifan ɗanyen kerupuk a baya. Daga nan rigar ruwa ta biyo, sai jiƙaƙƙen takalmi. Ƙurar garin rogo ta yi ta shiga ƙirjinta, gurnaninta ya koma tari, tarin ya koma kakari. Kowa ya ji, ba wanda ya so ya zama mai kai wa Bu Kustiyah mugun labari. An ce Mas Gatot ne ya fara kawo shawarar shanyar. Ba mu da shaida, kuma wata ne na kame baki.

Ta rasu ta bar ƙananan kwamfutoci a ofis da sito, marayu, suna haske ba su san komai ba. Ta bar injin buga takarda, wanda tun ranar bai ƙara cewa uffan ba. Ta bar Mbak Retno, 'yar Bu Kustiyah, wadda ta kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar marigayiyar tun tana da rai, ta kuma yi alkawarin magajiya da za ta zauna a intanet inda ba mai shanya mata takalmi. Sai dai magajiyar ba za ta fara aiki ba sai bayan Sallah. Kayan Makassar kuwa suna jibge a sito suna jiran jirgi, kuma Bu Kustiyah, wadda ita ma ba ta iya ce wa ƙanin miji a'a, ta gaya wa Pak Sarkowi cewa in kwali ɗaya ya yi ƙafa, ya nemi wani aikin.

Wanda ya fara zuwa gaisuwa shi ne Mas Gatot, da jar igiyar ɗaure kaya a bayan babur. Ya tarar da Pak Sarkowi yana goge gawar da tsumma, domin ya ƙudurta zai kai ta gida ya ajiye kusa da talabijin.

"Sannu da haƙuri, Pak Wi. Duk mai rai fa."

"Haka ne, Mas."

"Akwatin nan ai da sauran amfani, yarona na son irinsa. Sai ka haɗa mini da kwali huɗu, Sallah ta matso. Yanzu dai ba mai yi mana tsiwa."

Pak Sarkowi ya dubi ƙuryar ofis, ba kowa. Ya dubi kwalayen. Waɗanda ke wurin sun ce ya daɗe yana murza tsumman nan kafin ya ɗaga gawar da hannu biyu ya miƙa.

"Ita dai ɗauke ta, Mas, ka gaida yaron. Kwalayen kuwa na mutanen Makassar ne."

"Ban ji ba."

"Na ce a'a, Mas. Ka yi haƙuri."

Ya yi ta ba da haƙurin har bakin ƙofa, amma bai janye ba. Mas Gatot ya ɗaure marigayiyar a inda ya yi niyyar ɗaure kwalaye, ya tafi ba sallama.

Saboda haka ba za a yi jana'iza ba, domin an tafi da gawar tsaraba. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar sito ranar Alhamis bayan buɗe baki. Akwai shayi, akwai kerupuk na ci a wurin. Pak Sarkowi ne zai tsaya a bakin ƙofa da kansa. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo hannu rabbana, su kuma koma yadda suka zo.