Zaibar da ke Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban matan Kalfu ina yi musu wa'azin zaiba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, dimokuraɗiyya ta buɗe bakin kowa, mu malaman lakwal, wato makarantar boko, kuwa namu ya fi na kowa buɗewa. Ni dama mutum ne mai zargi. Ko shayi aka miƙo mini sai na sansana.

Wata safiya na kamo wata tashar waje a rediyo, ana faɗa da Faransanci cewa Turawa suna gardama kan zaibar da ake sawa cikin allurar rigakafin yara. Batir ya mutu kafin a gama bayani (sauran ni na ƙarasa da kaina). Zaiba fa, ruwan nan mai ƙyalli na cikin ma'aunin zafin jiki! Na ce lallai abin da suka ƙi shi suke turo mana. Tsoro ya kama ni sosai, don ɗiyata Hadiza jaririya ce, saura kwana biyu a yi mata allura ta biyu. Na ce wa uwarta Rabi ba inda za ta.

Ranar allurar na leƙo gida da hantsi, ba Rabi ba goyo. Na bi ta gidan likita da gudu, na tarar da mata cike a gindin itacen bedi. Na ɗaga murya na ce guba ake ɗura wa 'ya'yansu. Wasu har sun fara gyara goyo za su tashi.

Sai ga Majo, dattijon da ke shugabantar masu jinya, ya fito yana goge hannu.

"Mushe," in ji shi (haka ake kiran malami a wajenmu), "akwai ta, ban musa ba. 'Yar kaɗan ce, don kada kwalba ta ɓaci in an buɗe ana ɗiba ma yara. Tarin lala kau na ga ya kashe jarirai da idona."

Na bugi ƙirji na ce ko ɗigo ba zai taɓa jinin gidana ba.

Ya sunkuya ya dubi ƙafata. "Wanga jan abu ga yatsanka hwa?"

Tuntuɓe na yi jiya, na shafa jan maganin ciwo. Kwalbar ma tana aljihuna, ba na rabuwa da ita.

"Hiddo ta ka karanta muna, kai da ka iya Faransanci."

Na karanta, muryata na raguwa, don ga sunan zaiba nan a rubuce jikin kwalbar. Majo ya ce, "Zaibar da ke cikin wagga kwalba ta hi ta allurar Hadiza nesa ba kusa ba."

Wata tsohuwa ta tafa hannu. "Shi na hwa ka shahwa ma jikokina ita kullum lakwal!"

Dariya ta ɓarke. Da ƙasa za ta tsage da na shige, wallahi. Ni na riƙe Hadiza aka yi mata allurar, tana tsala ihu ina zufa. Rabi ta goya 'yarta ta yi gaba abinta har gida, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Zargi dai ban daina ba, hali zanen dutse. Sai dai yanzu kafin in tuhumi kwalbar wani, nakan fara karanta tawa.