Alhaji Ya Rantse Ba Zai Hau Keken Ɗawafi Ba

In ba ku san Hajiya Gambo likitar gashi ba, wallahi an bar ku a baya. Ta fi shekara talatin tana wannan aiki. Da yara masu shan inna ta fara, ta koma kan masu shanyewar ɓarin jiki, har 'yan ƙwallo ta taɓa bi fili da jakarta. Yanzu kuma gwiwa da bayan manya ta sa a gaba. Hannunta akwai sa'a, amma bakinta sai dai Allah ya kyauta.

To ita aka kai wa wani attajirin hatsi na Dawanau bayan an yi masa aiki a gwiwa. Bawan Allahn nan ya riga ya biya kujerar Makka, kuma ya cika baki a gaban 'yan kasuwa cewa da ƙafarsa zai yi ɗawafi, ba mai tura shi a keke kamar buhun masara. Ta ce zai yiwu, in dai zai dage da atisaye safe da yamma: ya zauna a kujera ya miƙe, ya hau matakala ya sauko. Ta nuna masa komai, direbansa Tanimu na tsaye yana kallo.

Kwanci tashi, tafiya ta matso, sai ga Alhaji an riƙo shi, gwiwa ta sanƙare kamar taɓarya. Hajiya ta taɓa ta, ranta ya ɓaci.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, kana atisayen nan?"

"Haba likita, ai ban ɗauki maganarki da wasa ba. Mutum guda na ware wa aikin."

"Ka ware wa?"

"Tanimu mana! Ni ranar farko na gwada, na ji azaba har tsakar kaina. Na ce ina dalili, ga mutane ina ciyarwa? Kullum a gabana yake yi, ina kishingiɗe ina ƙirga masa."

Hajiya ta yi salati, ta riƙe haɓa. Shi kuwa gogan ko a jikinsa, har da ƙarin bayani: "Ai ko aikin Hajjin kansa, in mutum ya gaza wani na yi masa, balle tashi da zama."

Sai ta kira Tanimu, ta sa shi ya tsuguna ya miƙe, ya hau matakala da gudu, ta mammatsa gwiwarsa tana gyaɗa kai. Nan fa hankalin Alhaji ya tashi.

"Yaya, likita? Ba dai ha'intata yake yi ba?"

"Ko kusa, Alhaji, ya riƙe amana. Maza ka biya masa kujera. Da wannan gwiwar, zagaye bakwai zai tura ka a keke ko haki ba zai yi ba."