Sunan Ɗan Fari a Gaban Kwamiti

Jama'a, duk wanda ya tsinci takalmi ƙafar hagu a cikin taɓon fadama, wajen da ake hawa fito, nawa ne. Shekaranjiya na baro shi can. Na shigo gida ina ɗingishi, rigata ta Juma'a ta koma launin gindin tukunya. Matata Asabe ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kai ma karatun wajen aka ba ka, ko kamun kifi ka je?" Na ce mata ta ba ni ruwa tukuna, labarin ya fi ƙarfin busasshen maƙogwaro.

Ina da aboki a ƙetaren kogi, Malam Kawu, Bafillatani mai 'yan shanunsa da gonar shinkafa. Ɗansa Shu'ibu ya gama jami'a, ya karanta sha'anin ruwa da noma. Wata makaranta a ƙasar Turawa ta ba shi gurbin digiri na biyu, ya je ya koyo yadda ake sarrafa kogi irin namu na Haɗejiya, wanda bara ya cinye shinkafar ubansa a tsaye, bana kuma ya fara leƙen ta kowa. Sharaɗin makarantar ɗaya ne: in damina ta wuce bai iso ba, an ba wani. Kuɗin jirgi da na makaranta kuwa, ko garken ubansa aka kora kasuwa gaba ɗaya ba zai kai shi rabin hanya ba. Sai sikolashif, wato tallafin karatu na gwamnati.

To ai ba abin damuwa. Kullum rediyo na gaya mana kuɗin mai ya yi yawa har an rasa inda za a zuba shi, ɗan talaka kawai ake nema a tura karatu. Ni da nake kwana biyu ina bin layin kananzir, na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. Yawan ne ya sa ya toshe hanya.

Sai ga kwamitin raba karatu ya sauka a garinmu. Allah ya ƙara musu lafiya, sun sha wahala. Motoci a jere kamar ana kai amarya, kowane mamba da tasa, har da wata da ba ta ɗauko kowa ba sai kwanukan abinci. Shugabansu, Mai Girma Alhaji Cika-Kujera, ya zo da sabuwar doka mai cike da hikima: don kada baƙi su cinye rabon 'yan ƙasa, dole uban kowane yaro ya tsaya gaban kwamiti da kansa, ya nuna shi, ya faɗi sunansa da bakinsa.

Doka mai sauƙi, in ji ku. Sai dai Shu'ibu ɗan fari ne.

Kun san mutanenmu da ɗan fari, balle Fulani. Tun da aka haifi yaron nan Malam Kawu bai taɓa kama sunansa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In yana son ruwa sai ya ce da iska, "Wani ya kawo ruwa." Mutumin da ya san kowace saniya tasa da sunanta da na uwarta, in ya zo kan ɗansa sai "wancan".

Shi ya sa na ƙetara da sassafe na ɗauko shi, don in koya masa a hanya. Muna cikin kwalekwale na ce, "Malam Kawu, abu ne mai sauƙi. Bi ni a hankali. Shu..."

Ya ce mini, "Sa'idu, ka ji tsoron Allah."

"Ba mutane a nan, daga mu sai mai fito."

"Shi mai fiton kifi ne?"

Mai fito ya ce shi dai bai ji komai ba, ya kuma karkato da kunnensa sosai. Wajen sauka ina ta faman lallashi ban duba ƙasa ba, na zurma. Nan takalmin ya yi sallama da ni.

Muka isa. Shu'ibu na tsaye da takardunsa a hammata, da ya ga ubansa sai ya sunkuyar da kai, uban ya shiga kallon wata bishiya kamar yau ya fara ganinta. Da aka kira su na bi bayansu na raɓe bakin ƙofa. Alhaji Cika-Kujera na zaune, fanka biyu na yi masa hidima, yana sakace.

Ya ce, "Dattijo, wane ne wannan?"

Malam Kawu ya ce, "Yaro ne, ranka ya daɗe."

"Mun ga ba tsohuwa ba ce. Na wa?"

"Na nan gida ne."

"Gidan wa?"

"Inda muke."

Mambobi suka fara murmushi. Alhaji ya ce, "To, sunansa."

Wallahi na ga gumi ya keto wa mutumin nan ta ƙarƙashin rawani. Ya damƙe sandarsa. Leɓensa ya motsa, ya tsaya. Can dabara ta zo masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, sunan Annabin Madyana gare shi."

Akawun kwamiti ya ce, "Ba wa'azi muka zo ba, Baba. Doka ta ce suna."

Na yi wuf na leƙo na ce, "Ranka ya daɗe, ni na san sunan, na ci naman sunan ma!"

Alhaji ya dubi ƙafata marar takalmi ya ce, "Kai ka haife shi?" Masinja ya mayar da ni waje da ladabi, ta wuyan riga.

Ta taga na ƙarasa kallo. Malam Kawu ya sake buɗe baki. Sai Shu'ibu ya ce a hankali, "Baffa, bar shi. Mu je." Yaron ya zaɓi ya rasa jirgi da ya ga an tsiraita ubansa a gaban masu sakace.

Alhaji ya girgiza kai cikin alhini ya ce, "Kun gani ko? Yaron da ubansa ya kasa amsa shi a gaban jama'a, mu a wa za mu amsa shi? Na gaba."

Na gaba ya shigo, wani saurayi sumul, ƙamshin turarensa ya riga shi. Akawu ya ce uban yaro ya tashi. Ba wanda ya tashi. Sai na ga Alhaji Cika-Kujera ya juya kujerarsa, ya fuskanci bango, ya ja hularsa ta rufe goshi. Ashe nasa ɗan farin ne.

Ɗakin ya ɗauka. "Allahu Akbar! Kun ga kunya irin ta mutanen da?" "Wannan shi ne asali!" Wani mamba har da share ido. Akawu ya ce ai ba za a tilasta wa dattijo ya keta al'ada ba, ya rubuta sunan da hannunsa. Na tambayi masinja me yaron zai karanto mana. Ya ce yadda ake kwashe ƙanƙara daga kan titi lokacin sanyi. Alhamdu lillahi. Duk ranar da ƙanƙara ta toshe hanyar garin Malam Madori, muna da gwani.

Kada wani ya ce Alhaji ya yi son kai. Ina da shaida, har aka gama bai ambaci sunan yaron nan ba ko sau ɗaya.

Muka fito fili. Shu'ibu ya yi gaba shi kaɗai, ya nufi hanyar kogi, takardun sun sauko daga hammata suna reto a hannunsa. Malam Kawu ya tsaya yana kallon bayansa. Sai kawai na ji murya kamar ta mai kiran garke daga nesa:

"Shu'ibu!"

Duk filin ya waiwayo. Mai sayar da rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Yaron ya juyo kamar an harbe shi, ya tsaya, ya rasa inda zai sa idonsa. Na kama hannun Malam Kawu na ja shi da gudu, ƙafa ɗaya a taɓo, na ce, "Maimaita a ciki! Maza!"

Muka tarar masinja ya tare ƙofa. Ya ce kwamiti ya tashi cin abinci, daga nan kuma sai hanya, don ana jiransu a gaba kafin ruwa ya rufe gada. Na ce ai duk garin ya ji, har su ma sun ji ta taga. Ya ce sun ji mana, amma a tsakar fili aka faɗa, doka kuwa ta ce a gaban kwamiti.

Muka shiga kwalekwalen komawa. Uba na gaba, ɗa na baya, ni a tsakiya ina riƙe da takalmi ɗaya. Ruwa ya riga ya hau kunyoyin farko na gonar shinkafar, mai fito ya bi ta kansu ya wuce ba tare da ya sauka daga jirgi ba.

Da na gama ba Asabe labari ta ce, "To kai yanzu me za ka yi?" Na ce zan fara atisaye. Tun jiya nake bin ɗan farinmu a tsakar gida ina kwaɗa masa kira da sunansa, safe da yamma, har maƙwabta sun aiko a tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Shiri nake, ko Allah zai sa kwamiti ya dawo kafin ya yi furfura. Asabe ta ce wahalar banza nake, in dai karatun nake so wa yaron, kujera zan nema mai juyawa.