Tsuntsayen da Ke Shan Fetur

"To ina tsuntsuwar?" in ji ta.

"Ki saurara mana, ba ga kukanta nan ba?"

"Wannan lasifika ce. Ga wayarta nan ta sauko ta jikin bishiya."

Jama'a, da haka safiyar Asabar ta buɗe min, a bakin tafkin babban lambun shaƙatawa na garinmu, sanyi na yankar kunne, ni da mutuniyar tawa. Nas ce. Daga asibiti ta wuto kai-tsaye, da farin takalminta, idonta ja saboda rashin barci. Ni kuwa na rataya madubin hangen nesa da na aro wurin mijin yayata, gilashinsa ɗaya a tsage.

Laifina ne, ba na musu. Wata shida ina rubuta mata wasiƙu, kuma babu wadda ban saka wata 'yar tsuntsuwa a ciki ba, mai rawayan ƙirji, mai kaɗa jela in tana tafiya. Na karanta a littattafai cewa duk shekara takan ƙetare teku da hamada ta zo ta yi sanyi a wurare irin namu. Na ce zuciyata ce wannan tsuntsuwar, ita kuma tafkin. Har hawaye na yi ina rubutawa. Amsar da ta ba ni layi biyu ce: "Komai naka daga littafi yake. Ka nuna min ita da ranta, sai in yarda sauran maganganun ma gaskiya ne, in kai sunanka gida."

Abin da ban sani ba, manya sun riga ni zuwa lambun. Mai Girma Uban Nishaɗin Talakawa, Allah ya ƙara masa hangen nesa, ya ji labarin cewa a wasu ƙasashe mutane kan fito kallon tsuntsaye lokacin sanyi. Ya kafa kwamiti. Kwamiti ya zagaya ƙasashe huɗu, ya dawo da rahoto cewa tsuntsu ba shi da tabbas: ba ya zuwa a kan lokaci, ba ya sa hannu a rajista, yana kuma ɓata kujeru. Don haka aka ɗaura lasifika goma sha biyu a kan bishiyoyi, suna rera kukan tsuntsaye daga shida na safe zuwa shida na yamma.

Ni dai na yaba. Kukan yana fita tangaram, har daga titi ana ji. A tsakiyarsa akwai tarin wanda ya naɗo shi, sau biyu, da ƙahon wata mota. Duk bayan minti goma kuma wata murya kan katse tsuntsayen ta gode wa Mai Girma a madadinsu. Wace ƙasa ce tsuntsayenta ke da ladabi haka?

Matsala ɗaya ce ƙarama. Tun ranar da aka kunna, muddin lasifikar na kuka, babu mai fiffike da ke sauka a lambun. Ko tattabaru, da ba su san kunya ba, sun koma bayan tasha.

Muka zaga tafkin sau biyu. Na duba ciyayin bakin ruwa da lafiyayyen gilashin, na duba da tsagaggen. Leda na gani, da takalmi ƙafa ɗaya. Mutuniyar ta zauna a benci ta naɗe hannu cikin rigar sanyi.

"Malam marubuci, gobe kaɗai nake da hutu. Daga Litinin aikin safe aka mayar da ni har ƙarshen sanyi. Kai ka ce in sanyi ya wuce tafiya take yi, ko?"

"Haka littafin ya ce."

"Littafin dai."

 Sai na nufi ɗakin mai gadi, wani dattijo da ke ɗumama hannu a jikin janareta.

"Baba, barka da sanyi. Don Allah tsuntsaye na gaske fa?"

"Suna nan, samari. Can bayan katanga suke jira. Duk ranar da aka wayi gari an ɗauke wuta, sai ka ga sun sauko kamar an kira su. Har mai rawayar nan, mai rawa da jela. Shekara goma sha tara ina ganinta a kan dutsen can."

Na kusa rungume shi. Ashe tana nan, da ranta! A karo na farko a rayuwata na ɗaga hannu na roƙi a ɗauke wuta.

"An ɗauke tun watan jiya," in ji Baba. "Shi ya sa aka kawo wannan." Ya dafa janaretan. "Kwamiti ya ce bai dace a ji tsuntsayen gwamnati sun yi shiru ba. Kullum da la'asar ni ke ɗaukar jarka in bi layin gidan mai saboda su."

Mutuniyar, da ta biyo ni a baya, ta tsaya tana kallon injin. Sabo fil, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba.

"A ɗakin haihuwarmu da fitilar waya muke aiki," ta ce. 

"Baba, minti biyar kawai," na ce. "A kashe minti biyar."

"Ka ga ofishin can mai labule? Da na ciki ya ji shiru zai leƙo. Abokin aikina da ya taɓa kashewa yana gida yanzu. Kuma minti biyar ba ya isar su, sai sun wayi gari sun ji lambun tsit."

Ya dube ni sama da ƙasa, da madubin aro da hancin da ke yoyo. Ya dubi farin takalminta.

"'Yata, wannan naki ne?"

"Ana dai dubawa, Baba."

"Me ya rage?"

"Tsuntsuwa ɗaya."

 A bisa kanmu mai naɗin ya yi tarinsa na biyu. Baba ya jawo jarkarsa ya girgiza, ya saurari abin da ya rage a ciki.

"Layin yau zai yi tsawo ƙwarai," ya ce.

"Baba, ai na ji an ce tanka ta shigo, layi ya ragu."

"Kai ke bin layin ko ni?" Ya juya wajenta. "'Yata, yau ba zan samu mai ba. Gobe ku zo kafin bakwai, ku tsaya ta bayan dutsen can. Shi kuma ki ce masa ya rufe bakinsa."